Na Hangi Dala, Ban Shiga Birni Ba

Shekarata 61, kuma 29 daga cikinsu a Bronx, wani yanki na birnin New York, na yi su, mafi yawa a bayan sitiyari. Ina da tabon harsashi a kafaɗar dama, da bashin da zan daɗe ina biya, da wata tsohuwar hula mai haruffan N da Y, ta ƙungiyar wasan besbol ta Yankees, da take zaune a gaban motata. Duk lokacin da na je Kano sai in ga samari da irin hular nan a Kantin Kwari da bakin Bata, in tambayi ɗaya ko ya san ta wace ƙungiya ce, ya ce ai gayu ne kawai. Ni ma da haka na ɗauke ta. Yanzu kuwa in aka cire hular nan daga labarina, ban san yadda zan ba da sauran ba.

A Fagge aka haife ni a 1964. Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne, ƙaramin akawu, mutum mai lissafi wanda ko ashana ba ya yarda a ɓarnatar. Ya yi aiki shekara talatin da biyar yana cewa in ya ajiye aiki zai huta ya ci fanshonsa. Abin da na gani da idona shi ne dattijo da fayil a hammata yana bin layin tantancewa cikin rana, yau a ce hoto bai fito ba, gobe a ce sunan ya ɓata a takarda. Tun a lokacin na ƙudurta a raina cewa ni ba zan jira kowa ya ba ni abincin tsufana ba. Zan mallaki abu nawa na kaina, babba, wanda ba mai ce mini in dawo gobe. Wannan ƙudurin ne ya kusa hallaka ni, amma bari mu bi a hankali.

Bindigar da na sani ina yaro ita ce ta 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah, ƙara da hayaƙi, yara muna bin su da ihu. Sai Disambar 1980, rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki, nan kusa da mu. Ina ɗan shekara 16. Kwanaki muka yi a ɗaki muna jin harbi, mahaifiyata tana ta salati, har sojoji suka shigo. Daga nan kunnena ya koyi bambanta ƙarar wasa da ƙarar mutuwa, ko in ce na ɗauka ya koya.

Cacar bizar Amurka ce ta faɗo kaina. Na sauka a New York cikin Oktoban 1996, wasu 'yan'uwa Hausawan Kumasi suka ba ni katifa a falonsu, kusa da titi na 161. Ban cika sati biyu ba, wani daren Asabar, unguwa ta kaure da ihu da hon da fashe-fashe. Na diro daga katifa na kwanta rub da ciki bayan kujera ina kalmar shahada. Mai gidan ya shigo ya same ni a haka, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Ɗan'uwa, tashi, ba yaƙi ba ne. Yankees ne suka ci Atlanta, sun ɗau kofi." Rabonsu da shi tun 1978. Na ce a raina, mutanen da za su tayar da gari saboda besbol, wasan jifa da kulki, lallai ba su da matsala a duniya.

Na yi wankin mota, na yi dakon kaya a kanti, sannan na samu lasisi na fara jan motar haya ta unguwa, wadda muke ce wa jipsi. Masu tasi ruwan ɗorawa ba sa son zuwa Bronx da dare, mu ne muke kwasar mutanen. Kuɗin hannu ne, kullum da abinka a aljihu. A 1999 na ɗauko maiɗakina da 'yarmu ta fari. A watan Fabrairun shekarar ne 'yan sanda huɗu suka harbi Amadou Diallo, ɗan Gini, a ƙofar gidansu a Soundview. Harsashi 41 suka saki, 19 suka same shi, abin da ke hannunsa kuwa walat ne. Duk wani baƙin Afirka da ke Bronx ya ji wannan a jikinsa. Bayan shekara guda kotu ta sallame su.

Nawa ya zo cikin Afrilun 2000, lokacin da ake ta kashe direbobin jipsi ɗaya bayan ɗaya. Wajen ƙarfe biyu na dare na ɗauki wasu yara biyu, ba na jin babban ya kai ashirin. Muna tsayawa na ji sanyin ƙarfe a ƙeyata. Na miƙa musu duk abin da ke jikina, dala 140 da 'yan canji, ban yi gardama ba. Sun riga sun buɗe ƙofa za su fita sai na ji kamar an maka mini taɓarya a kafaɗa. Har yau ina zaton hannun yaron ne ya yi rawa. Ban taɓa sanin ko su wane ne ba.

Wata huɗu na yi ban taɓa sitiyari ba. Ba inshorar kirki, ba albashi, 'yan adashinmu ne suka yi karo-karo suka biya mana haya. Dare ba barci, in na rufe ido sai in ji sanyin nan a ƙeya. Da rana sai in sauko in zauna a matakalar ƙofar gida, hannu a rataye.

A nan na haɗu da dattijon da ya canza mini rayuwa, maƙwabcinmu, mutumin Jamhuriyar Dominika, wanda ya yi ritaya daga wata masana'anta. Kullum yana kan kujerar roba da ƙaramar rediyo. Turancinsa gurgu, nawa ma gurgu, sai muka daidaita. "Afirka" yake kirana, ni kuma in ce masa Baba. Da murafen kwalba ya zana mini filin besbol a ƙasa. Zango huɗu ne, in ji shi. Mai jifa yana tsakiya, mai bugu yana gida da kulkinsa. In ka buga ƙwallo sai ka ruga zango na farko, 'yan'uwanka su yi ta bugu suna tura ka gaba har ka zagayo gida, shi ne ci ɗaya. In ka kuskure jifa mai kyau sau uku, ka fita. In mutum uku suka fita, sai a juya, masu bugu su koma tsaro. Haka za a yi sau tara. Na ce masa kamar turmin dambe ke nan, sai dai mu uku muke yi. Tun daga ranar turmi nake ce musu, har 'ya'yana suka ɗauka.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan wasan. Kowace ƙungiya wasa 162 take yi daga bazara zuwa kaka, kusan kullum. Ga mara lafiyan da ba shi da abin yi, wannan rahama ce: ko yaya daren jiya ya kasance, yau da ƙarfe bakwai akwai wasa. Da muryar John Sterling, mai sharhin Yankees a rediyo, na gyara Turancina. Mutumin yana jan kalmar nasara kamar sanƙira a gidan biki. Na san Derek Jeter da Bernie Williams ta bakinsa kafin in ga fuskarsu. Wanda ya kwanta mini a rai shi ne Mariano Rivera, ɗan masunci daga Panama, wanda ake kira a turmi na tara ya rufe wasa. Ba ya ihu, ba ya bugun ƙirji, kusan jifa iri ɗaya yake yi, kowa ya san abin da ke zuwa, amma kulake sai karyewa suke. A Oktoban shekarar Yankees suka doke Mets, maƙwabtansu na Queens, suka ɗau kofi na uku a jere. Wannan karon ina cikin masu ihun, da hannu ɗaya.

Baba yana da wata ƙiyayya da masu neman buga ƙwallo ta tsallake katanga a kowane bugu. Ya ce su ne suka fi kowa fita a banza. Shi nasa gwanin shi ne mai ɗan bugun da zai kai shi zangon farko, yau da gobe da jibi. Ina jin sa ina gyaɗa kai, amma a zuciyata masu tsallake katangar nake so.

Da na warke, abu na farko da na sa a gaba shi ne bindiga. Na rantse ba wanda zai sake sa mini ƙarfe a ƙeya ina zaune kamar rago. Na je na karɓo takardun neman lasisi. Kuɗin nema kaɗai ɗaruruwan daloli ne, ga ɗaukar zanen yatsu, ga shaidu, ga ganawa, ga jiran watanni. Sannan aka fahimtar da ni cewa ko an ba ni, ta ajiyewa a gida ce. Ta yawo da ita sai wanda ya nuna dalili na musamman, kuma tsoron 'yan fashi irin na kowa ba ya cikin dalilan. Na fito ina zage-zage. Yaran da suka harbe ni wace takarda suka cike? Wani ya yi mini tayin ta bayan fage, irin waɗanda ake shigowa da su ta babbar hanyar I-95 daga jihohin kudu inda saye ke da sauƙi. Na kawo maganar gida. Maiɗakina tana tuƙa tuwon semo, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Maigida, wanda ya ciro walat ma harsashi arba'in da ɗaya aka yi masa. Kai da za a samu da bindiga nawa za a yi maka?" Ban sake tayar da zancen ba. Na sa gilashin shamaki tsakanina da fasinja kamar yadda aka wajabta a shekarar, na koma aiki. Amma haushin dokar ya zauna mini a ciki shekara goma sha takwas.

Mahaifina ya rasu a 2003, ana bin sa bashi, shi ma yana bin bashin fansho. Wannan ya ƙara mini azama.

Ga wanda bai sani ba, tasi ruwan ɗorawa a New York ba ta aiki sai da wata lambar ƙarfe da ake mannawa a bonet, medaliyan. Tun 1937 aka ƙayyade yawansu, ko a zamaninmu ba su wuce 13,587 ba. Tun da ba a ƙara su sosai, farashinsu hawa kawai yake. Duk direba ya san lissafin: ka saya da bashi, ka yi tuƙi kana biya, in ka tsufa ka ba da haya kana kwance kuɗi na shigowa, ko ka sayar ka koma gida ka zama Alhaji. Fanshon da ba layin tantancewa. Abin da na yi wa kaina alkawari ke nan tun a Fagge.

A 2009, shekarar da aka buɗe sabon filin Yankees suka kuma ɗau kofinsu na 27, na saya a kan dala 570,000. Kafin alƙalamin na haɗa shi da kwasar adashi biyu, da ajiyar shekara tara, da kuɗin filina na Kano da na sayar. Saura bashi ne mai ruwa. Na je wurin limaminmu, ba don neman fatawa ba, don dai ya sa albarka. Ya yi shiru, ya ce, "Alhaji, ka san hukuncin riba ba sai na gaya maka ba. Amma ko mu ajiye wannan, mutum ya ɗora duk abin da ya mallaka a kan ƙarfe ɗaya da bai kai tafin hannu ba?" Na ce, "Allah gafarta Malam, abin nan bai taɓa faɗuwa ba." Baba ma da na gaya masa, sai ya kaɗa kai ya ce na je neman katanga. A shekarar ya tattara ya koma ƙasarsu, yana cin ɗan fanshonsa na Social Security, wato fanshon gwamnatin Amurka. Kafin ya tafi ya ja ni gefe ya ce in riƙa rubuta wa hukumar haraji gaskiyar abin da nake samu, domin da shi za a auna mini abincin tsufa. Na yi dariya a raina. Mai medaliyan ina ruwansa da 'yan canjin gwamnati?

Shekaru huɗu abin ya yi daɗi. Zuwa 2013 farashi ya haura dala miliyan ɗaya. Ni ɗan akawun Fagge, miloniya a takarda. Dillalai suka riƙa kira suna cewa ga kuɗi kwance a bonet ɗinka, zo ka ƙara ranta a kai. Na je. Na fara gini a gida, na kai mahaifiyata Makka, na biya wa 'yata makaranta, na raba wa dangi jari. Ban yi nadamar kujerar Makka ba ko ta makaranta. Amma bashin ya koma sama da dala 700,000, biyan wata kusan 4,000, kafin mai, kafin inshora, kafin haya. Hausawa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba. Ni tawa dalar ma a takarda na hange ta.

Sai motocin manhajar waya suka cika gari, babu medaliyan, babu iyaka, har suka kai dubun dubata. Fasinja ya ragu. Farashin ƙarfen da bai taɓa faɗuwa ba ya gangaro ƙasa da dala 200,000. Bashin kuwa yana nan yadda yake. Na koma awa 14 a rana, kwana bakwai a sati. Kafaɗar ta dawo da ciwo, hawan jini ya shigo. Daga gida kuma waya ba ta fasa ba: kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, gudummawar biki. Wa zai gaya musu Alhajin Amurka ya karye? Na daina sauraron wasa. Wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramar alama ba ce.

A Fabrairun 2018 wani direba ya kashe kansa da bindiga a ƙofar fadar magajin gari, ya bar rubutu a kan yadda sana'ar ta mutu. Cikin kusan shekara guda direbobi takwas suka tafi ta wannan hanya. Muna taruwa a wurin cin abinci mu ce Allah ya kiyaye, kowa yana kallon farantinsa.

Wannan shi ne wurin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Wani dare cikin Yunin shekarar, takardar gargaɗi ta uku tana aljihuna, na ajiye mota a ƙofar gida na kasa fita. Ni Musulmi ne, na san hukuncin wanda ya kashe kansa tun ina makarantar allo. Amma akwai wani duhu da in ya sauko, abin da ka sani yana nan, kai ne ba ka nan. Na zauna ina lissafin cewa iyalina za su fi samun sauƙi in babu ni. Kuma na tuna da bindigar da ban samu ba. Na tuna da ita sarai, har da jin haushin rashinta. Ina gaya muku tsakanina da Allah, da tana cikin motar nan ko a saman kabad, ban san abin da zai faru a cikin minti goman nan ba.

Ba ta nan. Sai na zauna kawai. Can wajen ƙarfe uku maiɗakina ta leƙo ta taga ta ga motar, ta sauko da hijabi a kan kayan barci, ta buɗe ƙofa ta zauna a kujerar gaba. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta miƙa hannu ta kunna rediyo, ana maimaita labarin wasan daren. Ta ce, "Mutanenka sun ci ko an ci su? Rabon da in ji kana yi musu faɗa tun azumin bara." Na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka harbe ni. Na ciro takardar na ba ta. Ta karanta da hasken waya ta ce, "To, bashi ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tashi mu shiga, asuba ta kusa."

Da safe ta kira 'yarmu. Su biyu suka kai ni wurin liman, shi kuma, Allah ya saka masa, bai ce ai na gaya maka ba. Ya yi mini nasiha, sannan ya ce lallai in ga likita, domin ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini. Na sha magani shekara biyu. Ina faɗin wannan ne don na san mazanmu, mun gwammace a ce aljanu ne. Wanda ke Amurka, yanzu akwai lambar waya 988 ta agaza wa wanda ya shiga irin wannan hali, dare da rana ana ɗauka.

Korona ta zo a 2020 ta kwashe sauran fasinjan, ta kwashe mana mutane a Bronx, har besbol aka taƙaita shi zuwa wasa 60 babu 'yan kallo. A kakar 2021 ƙungiyar direbobi ta New York Taxi Workers Alliance ta kafa sansani a gaban fadar magajin gari, dare da rana. Ina zuwa bayan na tashi aiki. Wasu suka shiga yajin cin abinci na kwana 15. Ni likita ya hana ni, sai na zama mai kawo ruwa da barguna. Ranar 3 ga Nuwamba aka cimma yarjejeniya: a rage bashi zuwa dala 170,000, biyan wata kada ya wuce 1,122, birni ya tsaya a matsayin lamuni. Na ga 'yan Bangaladash da 'yan Haiti da 'yan Gini da 'yan Indiya, dattawa masu furfura, suna rawa a titi. Nawa ya ɗau watanni kafin a kammala takardu, amma ya shiga.

Yanzu maganar bindiga, tun da abokai suna yawan tambayata ra'ayina, wai ni da na ɗanɗana.

A 2022 abubuwa suka zo a jere. Ranar 14 ga Mayu wani ya kashe baƙaƙen fata goma a kanti a Buffalo. Ranar 24 ga wata aka kashe yara 19 da malamai biyu a makarantar firamare a Uvalde ta Texas. Bayan kwana biyu Yankees suna wasa da Tampa Bay, sai ƙungiyoyin biyu suka ƙi sa labarin wasan a shafukansu na sada zumunta, suka yi ta sa alƙaluman kisan bindiga har aka tashi. Wasu magoya baya suka fusata wai a bar siyasa a waje. Ni ban ga siyasa ba. Filin Yankees tun 2015 ba mai shiga sai ya bi ta na'urar gano ƙarfe, mai son bindiga da mai ƙinta duk suna bi ba gardama, don kowa yana son ya kalli wasa da ɗansa hankali kwance.

Ranar 23 ga Yuni Kotun Ƙolin Amurka ta soke sharaɗin nan na dalili na musamman, wanda ya hana ni a 2000, bisa gyara na biyu na kundin tsarin mulki da ya ba mutane 'yancin riƙe makami. Wato abin da na yi shekaru ina zagi ya faɗi. Na ji labarin a mota, ban yi murna ba. Jihar ta yi sauri ta ware wuraren da ba a shiga da bindiga, har da jiragen ƙasa da Times Square, inda nake wuce allunan kullum. A cikin watan nan dai gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisin bindiga su kare kansu. Ina da suruki a wani ƙauyen Katsina da 'yan bindiga suka kora sau biyu. In ya ce mini yana son abin kare iyalinsa, a inda za a yi awa uku ana harbi ba wanda ya zo, ba ni da bakin hana shi. Haka abokina mai jan tirela da ke zaune a Jojiya, yana da tasa a akwatin ƙarfe mai makulli, mutumin kirki ne, ba na ganin laifinsa.

Amma ni abin da na sani a jikina daban ne. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbi kansu. Ba a cika faɗin wannan rabin ba, domin ba ya zuwa da jiniya da kyamara. Ranar da aka yi mini fashi, ƙarfen yana ƙeyata kafin in san me ake ciki, ko da bindiga goma a motar ba abin da za su yi mini. Daren da bindiga za ta yi aiki a hannuna, a kaina za ta yi shi. Saboda haka ina goyon bayan a binciki mai saye a kowace jiha, a sa kwanakin jira, a tilasta kullewa, a kuma ba iyali damar zuwa kotu a karɓe ta na ɗan lokaci daga hannun wanda ya shiga duhu. Jiran nan da na zaga, shi na ci moriya. Kuma dokar jiha ɗaya ba ta isa ba muddin mota za ta iya ɗauko su daga Bajiniya cikin yini guda.

Saura maganar tsufa. 'Yata, wadda ta karanta aikin akanta, ta zaunar da ni ta buɗe mini shafina na Social Security. Ana duba shekaru 35 da ka fi samun kuɗi ne a yi lissafi, shekarar da babu komai a sa sifili. Shekarun jipsi da nake rubuta ɗan kaɗan don in rage haraji, ina ganin wayo ne, ga su nan jere sun zame mini ramuka. Mai aikin kansa kashi 15.3 cikin ɗari yake biya, yana da zafi, amma shi ne tubalin. Maganar Baba ta dawo mini, shi kuwa ya riga ya rasu a can garinsu. Ni da aka haifa bayan 1960, cikakken fanshona sai na kai 67. Zan iya fara karɓa a 62, wato baɗi, amma za a yanke kashi 30 har ƙarshen rai. In Allah ya ba ni lafiya zan jira 2031.

Da ta ga na kasa gane amfanin ajiyar ɗan kaɗan, sai ta biyo mini ta inda nake ji. Ta ce, "Abba, ka san Bobby Bonilla?" Na ce wa bai san shi ba. Tsohon ɗan wasan Mets ne, suna riƙe da dala miliyan 5.9 nasa a 2000, ya yarda a jinkirta, yanzu duk ranar 1 ga Yuli suna ba shi kusan miliyan 1.19, daga 2011 har 2035, mutumin da ya daina wasa tun 2001. Na ce wannan ai kuɗin ruwa ne, na tuba da shi. Ta ce ta sani, lokacin take nuna mini. Direba ba shi da 401k, asusun ritaya irin na ma'aikatan kamfani, sai ta buɗe mini asusun IRA, wanda mutum ke tara wa kansa kuɗin tsufa, muka zuba a hannun jarin da ake tacewa, babu giya, babu caca, babu alade, babu bankunan riba. Na kai wa Malam takardun ya duba kafin in sa hannu, wannan karon fatawar na je nema. A 2025 wanda ya kai shekara 50 yana iya zuba har dala 8,000 a shekara. Ni 300 nake iyawa a wata, tana fita da kanta ranar biyar ga wata kafin wayar gida ta iso. Na makara, na sani, abin da zai taru ba zai yi yawa ba. Ginin Kano na sayar da shi yadda yake, ba rufi. Na kuma koyi cewa dangi "ba ni da shi", kalmar da ta fi harsashi wuyar fita daga bakina.

Oktoban 2024 Yankees suka koma jerin wasannin ƙarshe na neman kofi bayan shekara 15, da Dodgers. A wasa na biyar muna gaba da ci biyar ba ko ɗaya. Ina ajiye a gefen titi kusa da filin, na kashe fitilar haya, Sterling yana sharhi, wanda ya dawo daga ritaya don ya ƙarasa kakar. A turmi na biyar Aaron Judge, mutumin da ya tsallake katanga sau 62 a 2022, ya saki ƙwallon da yaro zai cafke. Sai kuskure ya bi kuskure, mai jifa ya tsaya kallo bai rufe zangon farko ba, kafin ka ce kwabo biyar da biyar. Aka tashi 7 da 6, Dodgers suka ɗau kofi a gidanmu.

Na kunna fitila na ɗauki wasu mutum uku da suka fito daga filin, ba wanda ya ce uffan har Manhattan. Na dawo gida wajen ƙarfe biyu. Maiɗakina tana falo ba ta yi barci ba, ta dube ni sama da ƙasa, irin duban da take yi mini tun daren nan. Na ce mata lafiya lau, ƙwallo ce kawai Judge ya yar. Ta ce, "Ai na gani. Ko ni da na cafke." Ta tura mini kwanon tuwo, ta tuna mini cewa jibi ɗaya ga wata, ranar biyan bashi, kuma motar tana bukatar sababbin tayoyi kafin dusar ƙanƙara ta sauko.